Neman shawara: Jimis ɗina na cinye min albashi tsakanin Makka da Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Makka, wajen Shara Mansur, amma tun da aka mayar da sito ɗin da nake aiki kudancin Jidda, kullum sai na yi kilomita 160 zuwa da dawowa, kwana shida a mako. Motata Jimis (GMC) ce ƙirar 2004, mai silinda takwas. Ba ta taɓa barina a hanya ba, kuma ita ke kwashe mu gaba ɗaya in za mu ziyara Madina, har da tsohuwata. Matsalarta ɗaya, shan mai. Duk kwana huɗu sai na zuba na riyal 230 da wani abu, a wata ya haura 1,500. In sayar in sayi ƙarama, ko akwai gyaran da zai rage mata ci? Wani ya ce in bar fetur mai lamba 91 in koma zuba 95, wai ya fi auki.

Makanike a Sana'iyya (unguwar gareji-gareji): Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, na buga lissafinka. A farashin 91, riyal 2.18 lita, kana ƙona kusan lita 27 a rana, wato lita 17 a kowane kilomita 100. A babbar hanya wannan ya ɗan yi yawa, amma ba sosai ba, haka aka halicce ta. Maganar 95 kuwa, rabu da ita. Injin nan da 91 yake aiki lafiya lau, jan mai, wato 95 ɗin, ba zai ƙara maka ko kilomita ɗaya ba, sai dai ka biya 2.33 a banza.

Abin da zan duba in ka kawo ta: filogi, matatar iska (ƙurar hanyar Bahra na toshe ta da wuri), sai na'urar da ke jikin salansa mai auna iskar hayaƙi. In ta tsufa, kwamfutar motar sai ta riƙa ba inji mai fiye da buƙatarsa, kai kuma ba ka sani ba, wani lokaci ko fitilar gargaɗi ba ta kamawa. Iskar taya kuma ka auna da asuba kafin ka tashi, ba bayan ka yi gudu taya ya ɗau zafi ba. Sannan ka gaya min gaskiya, gudun nawa kake takawa bayan ka wuce shingen Shumaisi?

Mai tambaya: To, tunda ka tambaya, 120 ne, in babu Sahir, wato kamarar kama masu gudu, a gaba ina ɗan ɗorawa.

Makanike a Sana'iyya: Ai ka ji. Mota mai faɗin gaba kamar ɗaki, iska take turawa, kuma ƙarin gudu kaɗan yana ƙara turjiyar iskar da yawa. Ka tsaya a 100 na mako guda. Ka cika tanki, ka rubuta lambar kilomita, in ka sake cikawa ka raba litocin da kilomitan da ka yi. Bai fi minti takwas zai ƙara maka a kowane zuwa ko dawowa ba.

Wani dattijo daga Jarwal: Ɗana, mu da muka sayi waɗannan motoci lokacin da lita take halala 45 (halala ɗari ne riyal ɗaya) ba mu taɓa tambayar me take sha ba. A 2016 ta koma 75, a 2018 ta kai riyal 1.37, tun daga nan lissafi ya canja. Amma kada ka sayar. Kuɗin da za a ba ka ba zai sayo mai ɗaukar iyalinka ba. Ka ajiye ta don Juma'a da Madina.

Direba daga Bahra: Maganar Baba gaskiya ce. Ni tsohuwar Camry mai silinda huɗu nake bi da ita hanyar nan, da mukayyif (na'urar sanyaya mota) a kunne, ban cika wuce lita 9 a kilomita 100 ba. In ka sayi irinta, a tafiyarka wajen riyal 800 ke nan a wata, ka ga saura 700 a aljihu. Sai dai ka sa fahas (gwajin lafiyar mota) da inshora da istimara (takardar rajista) na mota ta biyu a lissafi, kuma kada ka sayi wadda giyarta ke fizga, don kuɗin man da ka tara a tashlihi, inda ake sayar da kayan gyaran tsofaffin motoci, zai ƙare.

Wata Hajiya: Me ya hana ka hau jirgin ƙasa na Haramaini daga Rusaifa?

Direba daga Bahra: Hajiya, a tashar Sulaimaniyya ta Jidda zai sauka, daga can zuwa kudancin Jidda sai ya ƙara kuɗin tasi safe da yamma. Gara ya nemi abokan aikinsa biyu ko uku mazauna Makka su riƙa haɗa kuɗin mai. Amma banda ɗaukar fasinja a bakin hanya, wannan kaddada ce, wato kabu-kabu ba lasisi, tararta ba wasa ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba na gode. Akwai mutum biyu a wajen aikinmu da ke zaune Misfala nan Makka, gobe zan tuntuɓe su. Asabar zan fara gwajin 100 ɗin. Malam makanike, Alhamis da la'asar kana gareji? Zan kawo ta a duba filogin, rabon da a canja su tun kafin korona.