Wace kalmar Turanci ce ta dace da zamanin bunƙasar ilimi?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina rubuta maƙala da Turanci a kan yawaitar rubuce-rubuce a ƙasar Hausa a zamanin jihadin 1804, wato wallafe-wallafen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Muhammadu Bello da Nana Asma'u. Na rasa wadda zan ɗauka tsakanin renaissance da revival da golden age, domin ƙamus yana jera su tamkar ma'anarsu ɗaya ce. Ina roƙon malamai su bambance mini su.

Malamin Turanci:
Wa'alaikumus salam, Malama. Kalmomin suna da kusanci, amma kowace da abin da take nufi game da zamanin da ya gabace ta. Renaissance daga Faransanci take, ma'anarta sake haihuwa, kuma da ita ake kiran abin da ya faro a Italiya a ƙarni na 14, lokacin da masana da masu zane suka koma ga ilimin Girkawa da Rumawan dā. Masana tarihi na ƙarni na 19 ne suka mayar da ita sunan zamani guda, musamman Jules Michelet a 1855 da Jacob Burckhardt a 1860, daga nan aka riƙa aronta, kamar yadda aka yi wa bunƙasar adabin baƙar fata a unguwar Harlem ta Amurka a shekarun 1920. Duk inda aka sa ta, ana nufin abin ya daɗe a kwance kafin ya miƙe. Revival kuwa farfaɗowa ce da wasu mutane suka ƙudura da gangan, galibi ta addini ko ta harshe, irin ƙungiyar da aka kafa a 1893 domin raya harshen Ailan. Ita golden age ba ruwanta da mutuwa ko farkawa, ƙololuwa kawai take nunawa, kamar Bagadaza a zamanin Abbasiyawa.

Bakatsine:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Bisa wannan bayani, ina roƙon 'yar'uwa ta guji renaissance, domin duk Baturen da ya karanta zai ɗauka cewa kafin Shehu ƙasar nan a cikin duhu take, alhali ba haka tarihi ya nuna ba. Shehu Magili ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa tun ƙarshen ƙarni na 15, Katsina ta yi Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17, shi kansa Shehu Usmanu a hannun malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru ya yi karatu. Wannan magana tana damuna ƙwarai, saboda kalma ɗaya tana iya shafe wahalar malaman ƙarni uku a idon wanda bai san ƙasar ba.

Mai Fassara:
Na goyi bayan Malam Bakatsine. Mutanen jihadin da mabiyansu tajdidi suke kiran aikin, wato sabunta addini, shi ya sa ake ce wa Shehu Mujaddadi, kuma revival ko reform ne suka fi kusa da wannan manufa. Amma tun da yawan littattafai da waƙoƙi na Larabci da Fulatanci da Hausa ne abin da maƙalarki ta sa a gaba, Malama, flowering ko flourishing za su fi yi miki aiki, domin bunƙasa kawai suke bayyanawa ba tare da sun yanke wa magabata hukunci ba. Game da golden age, ki yi hattara, don kalma ce ta yabo wadda na baya suke raɗa wa zamanin da ya wuce, kuma tana iya rufe yaƙe-yaƙe da bautar da suka gudana a cikinsa. A kan wannan dalili ne gidan tarihi na birnin Amsterdam ya sanar a 2019 cewa ya daina kiran ƙarni na 17 na ƙasar Holan da wannan suna.