An zauna mini a kujera a jirgin Kaduna zuwa Abuja: ku me kuka gani?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum. Litinin ɗin nan na hau jirgin safe daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja. Tun ranar Asabar na sayi tikiti ta intanet, kujerar bakin taga, domin kaina juyawa yake in ba na ganin waje. Ina shiga tarago na tarar da wani magidanci ya baje a wurina, jakarsa kuma a kujerar kusa. Na yi sallama, na nuna masa lambar a waya. Ko kallonta bai yi ba, ya ce, "Yaro, kujera ai kujera ce, nemi wata." Raina ya ɓaci. Da roƙona ya yi, wallahi da na bar masa. Na tsaya har ma'aikacin jirgi ya zo ya duba, ashe tasa tana tarago na gaba. Ya tashi yana cewa yaran yanzu ba su da kunya. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Rashin kunyar na yi?

Uwar Biyu: Ba ka yi laifi ba, ɗan'uwa. Ni nawa a 2019 ne, lokacin da masu garkuwa da mutane suka hana bin titin Abuja zuwa Kaduna, kowa ya koma jirgi, manya da ƙanana. Na hau a Kubwa da cikin wata bakwai, ga yarinya 'yar shekara uku a hannuna, kujera kuwa babu. Tsakanin kujeru cike yake da masu tsayuwa. Maza zaune dama da hagu, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Ƙafafuna suka kumbura, yarinyar tana ta kuka tana jan zanina. Har muka wuce Jere ina tsaye. Sai wata budurwa, da ganinta ɗaliba ce, ta taɓa ni ta ce, "Anti, zo ki zauna." Ta ɗauki yarinyar ta riƙe, a tsaye, har Rigasa. Ban tambayi sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata. Kuɗinta ta biya, ba wanda ya isa ya tashe ta, ita ta ga dama.

Malamin Firamare: Mu huɗu muka yi tafiya da iyali, lambobinmu suka rarrabu. Na je wurin wani saurayi na ce, "Don Allah ƙanena, ko za mu yi musaya, maiɗakina ta zauna kusa da yara?" Ya duba tawa, ya ga ita ma ta taga ce, ya tashi. Abin da na lura, mafi yawan masu neman musaya kujera mai kyau suke so su karɓa, su ba ka ta kusa da bayi.

Baba na Fagge: 'Ya'yana, ni na hau jirgin Kano zuwa Legas tun kafin a haifi wasunku. Kwana da yini ana tafiya, ta Zariya, Kaduna, Minna, a ƙetare Kogin Kwara a Jebba, sai Ilorin da Ibadan. Mata da goyo, buhunan albasa, kaji a kwando, duk tarago ɗaya. A zamanin in dattijo ya shigo, yaro ba ya jira a ce masa tashi. Amma dattijon ma ba ya zama sai ya ce Allah ya yi maka albarka, in ya kwance ƙunshin goronsa ko gurasa kuma da kai za a ci. Bayan wasu tasoshi zai ce, zo ka huta, ni ma in miƙe ƙafa. Mutumin da ka haɗu da shi, Ɗan Rigasa, girman yake so a ba shi, bai yi abin da manya ke yi ba. Yanzu shekaruna saba'in da ɗoriya, gwiwa ta ƙi, kuma in zan je Abuja jikana nake sa wa ya saya mini tikiti da wuri.

'Yar Kubwa: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya jaka ce a kan kujera. Ga wurin ajiye kaya a sama, amma sai mutum ya ce, "Akwai mai wurin, yana zuwa." A tashi daga tasha, a yi tafiyar sama da awa biyu, ba wanda ya zo. Na taɓa yi wa wata hajiya magana saboda wata tsohuwa da ke jingine da ƙofa. Ta harare ni, amma ta sauke jakar.

Ɗan Rigasa: Na gode, Baba, hankalina ya kwanta. Anti Uwar Biyu, labarinki ya taɓa ni. Juma'a zan dawo a jirgin yamma, kuma na riga na sayi ta bakin taga.