Fairy dai, wane suna za mu raɗa mata da Hausa?

Jama'a a taimaka da kalma ɗaya, fairy, wadda wasu ke rubutawa faerie. Akwai wani reshe na ƙagaggun labaran Turawa masu zane a ciki wanda duk a kan waɗannan halittu yake da zamansu cikin daji da itatuwa da ƙoramu, kuma duk wanda ya tashi bayaninsu da Hausa sai ya ce aljana kawai ya wuce, ni kam kalmar ba ta kwanta min ba.

Bari in faɗi abin da muke nema wa sunan tukuna, don wasu da sun ji fairy sai 'yar mitsitsiyar yarinya mai fukafukan malam-buɗe-littafi ta faɗo musu. Wannan siffar ta baya-bayan nan ce, masu zanen littattafan yara ne suka yaɗa ta, irin su Cicely Mary Barker da ta fara fitar da nata a 1923, kowane fure da nasa ɗan yaron ko 'yar yarinyar. Amma na tatsuniyoyin Ayalan da Sukotlan ba haka suke ba sam, wasu tsayinsu ɗaya da mutum, suna da sarakuna da fada, suna zaune ƙarƙashin tuddai, suna sace jarirai su ajiye nasu, in ka ci abincinsu ba ka dawowa gida, kuma suna tsoron ƙarfe. Su ne masu zane Brian Froud da Alan Lee suka dawo da su a littafinsu Faeries na 1978, fuska kamar saiwa, gashi kamar gansakuka, wani ma sai ka ƙura ido kafin ka gane ba kututture ba ne. Daga nan marubuta da yawa suka ɗora, har labarin ya koma in an sare dajin ko an gurɓata ruwan su ma sun mutu.

Wata malama: Ƙanena ni ban ga laifin aljana ba, kowa ya santa, yaro ma zai gane. Me ya sa za mu wahalar da kanmu?

Anti laifinta biyu. Aljani a wurinmu ba tatsuniya ba ne, sura guda gare shi a Alƙur'ani, ana ruƙiyya a kansa, to ka ɗauki littafin zane ka ce wa uba ga labarin aljanu na saya wa 'yarka, wallahi littafin nan ba zai kwana a gidan ba. Na biyu kuma a waya mutane ba sa bambanta aljana da Aljanna, n ɗaya ce tsakani, in ka zo fassara ƙasarsu da ake kira Faerie sai ka wayi gari ka rubuta abin da ba ka nufa ba.

Wani daga Damagaram: To iskoki fa malam? Su ai a tsamiya da kuka suke, sun fi kusa da maganar daji da kake yi.

Gaskiya ta fi kusa, kuma na so ta, sai dai iska tana jawo bori da girka da hawan kai, su kuwa waɗannan ba sa hawa kan kowa, ɗauke mutum suke yi ɗungurungum. Ga kuma matsalar tilo, namijin za ka ce ɗan iska kenan? Fatalwa da wani ya kawo ta matacce ce, dodo kuma tsoro zalla, kwankwamai ma dai ciwo ne.

Wani mai zane: Yallaɓai a bar ta feri kawai mana, kamar yadda muka bar mota da kwamfuta.

Mota ba mu da ita kafin ta zo shi ya sa muka karɓe ta da sunanta. Wannan kuwa muna da makamancinta, kuma abin da ya fi ja na shi ne su kansu mutanen Ayalan ba sa son kiran sunan kai tsaye, sai su ce mutanen kirki, ko mutanen tuddai, don kada a ɓata musu rai, daidai yadda tsofaffinmu ke cewa mutanen ɓoye. Kamannin bai tsaya nan ba, can ana ɗora ƙarfen murhu a kan gadon jariri don kada a musanya shi, nan ana ajiye wuƙa a kan jinjiri in uwar za ta fita. Kuma kada a ɗauka abin ya mutu a can, a 1999 a yankin Clare na Ayalan wani mai tattara tatsuniyoyi Eddie Lenihan ya tada ƙura kan wata 'yar bishiyar ƙaya da aka ce tasu ce, aikin babbar hanya zai bi ta wurin, ƙarshe aka yi hanyar aka bar bishiyar a tsaye. Wanda ya tashi a garin da ake tsoron sare tsohuwar tsamiya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Saboda haka ni shawarata a ɗauko ɓoye ɗin a sauya mata riga kaɗan, 'yan ɓoye, ɗan ɓoye, 'yar ɓoye, ƙasarsu kuma Ƙasar Ɓoye. Mutanen ɓoye a bar wa aljanu abinsu kada a cakuɗa.

Wata malama: Hhhh 'yar ɓoye? Ai wannan sunan amaryar da aka aura uwargida ba ta sani ba ne.

Anti kin kashe ni da dariya, kuma kina da gaskiya, jam'in lafiya lau yake amma tilon mace akwai matsala.

Wani daga Damagaram: A ƙara daji mana. 'Yan ɓoyen daji, 'yar ɓoyen daji, babu mai tunanin amarya kuma. In an ambata sau ɗaya a farkon labari sai a ci gaba da 'yan ɓoye, in mace ɗaya ce a kira ta da inda take zaune, 'yar tsamiya, 'yar ƙorama, 'yar tudu.

Malam ka gama magana. Wannan ta ƙarshen ma ta fi tawa, don a littattafan nan dama kowacce da itacenta ko ruwanta ake saninta, kuma ta warware mana masu fukafukan nan na Barker, su sai mu ce 'yan fure. Sai dai a kiyaye 'yar ruwa, wannan tana da mai ita tuntuni, masu fassara sun ba wa mai jelar kifi, kada mu ƙwace mata.

Wani mai zane: Na yarda amma da sharaɗi, a bangon littafi a rubuta feri ɗin a ƙasa da ƙananan baƙaƙe saboda masu nema a intanet. Shi nau'in labarin kuma fa?

Sharaɗin ya karɓu. Nau'in labarin ni almara nake cewa, almarar 'yan ɓoye mai zane, tatsuniya ta yi kama da ta Gizo da Ƙoƙi da yawa alhali waɗannan manya ake rubuta wa. Saura elf da goblin, wasu halittun tatsuniyoyin Turawa, wanda ya ce wada a kan goblin ya dakata tukuna, wada mutum ne kuma akwai masu kama da dwarf, gajerun mutanen nan na tatsuniyoyinsu, da za su nemi kalmar, a buɗe musu nasu zaren daban.