Jariri bayan tiyatar zuciya: nauyinsa ya ƙi ƙaruwa

Assalamu alaikum. Likitocin yara da ma'aikatan jinya, don Allah a taimaka.

Jariri ne ɗan wata biyu a nan Gombe. An haife shi manyan jijiyoyin zuciyarsa biyu sun yi musanyar wuri, aka yi masa tiyata a Indiya. Ɗinkin ƙirji ya warke, babu ruwa, babu zazzaɓi, iskar oksijin da ke jininsa tana kai kashi 96 zuwa 98 cikin ɗari, hoton zuciya na makon jiya kuma bai nuna taruwar ruwa ba. Damuwar nauyi ce. An sallame shi da kilo 3.4, yanzu mako uku yana kan 3.5, alhali ana son ƙarin giram 20 zuwa 30 kullum.

Yana kama nono da kyau, amma kafin minti biyar gumi ya tsatstsafo masa a goshi, numfashi ya haura 60 a minti, sai ya saki ya yi barci. Aka koma tatsa ana ba shi da ƙaramin kofi, mililita 45 duk awa biyu. Da aka gwada mililita 60 sai amai, har Lasix (maganin rage ruwan jiki ta fitsari) ɗin da ya sha ya fito. Riƙe shi a zaune minti 20 bayan shayarwa ya rage aman, amma sikeli bai motsa ba. Likitansa kuma ya hana ƙara yawan ruwa saboda zuciyar.

Ta yaya ake ƙara wa nonon da aka tatsa ƙarfi ba tare da ƙara yawansa ba, a ma'aunin da cikinsa zai ɗauka?