Aikin kula da tashar rarraba wutar lantarki: ina neman shawarar waɗanda suka san aikin

Ɗan Wayarin ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayenmu da yayyenmu da ke wannan zaure. Na kammala babbar difloma a fannin lantarki shekara uku da suka wuce, kuma tun da na gama bautar ƙasa nake aikin wayarin na gidaje da haɗa sola a cikin birnin Kano. Aikin yana rufa mini asiri, ko da yake wani watan sai ya yi yawa har in nemi masu taya ni, wani watan kuma in wuni a bakin shago ina kallon titi. A makon jiya wani kamfanin rarraba wuta ya sanar da ni cewa na ci jarrabawar da na rubuta, za a ɗauke ni a sashen da ke kula da tashoshin da ke sauke wuta daga 33kV zuwa 11kV, wato daga bolt dubu 33 zuwa dubu 11.

Mahaifiyata ba ta yi murna ba, domin shekarun baya wuta ta kashe wani maƙwabcinmu a kan falwaya, kuma har yau ba ta manta ranar ba. Ni kaina ban taɓa aiki a kan abin da ya wuce bolt 415 ba, in ban da 'yan makonnin da na yi ina kallo daga nesa lokacin koyon aiki. Ina roƙon waɗanda suka yi wannan aiki su faɗa mini gaskiyar yadda yake, da irin haɗarinsa, da kuma ko ya dace in bar sana'ar da na saba da ita saboda shi.

Tsohon Ɗan NEPA ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na shiga wannan aiki tun ana kiransa NEPA, ina ciki aka mayar da shi PHCN a 2005, kuma ina ciki aka miƙa kamfanonin rarrabawa ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, bayan nan na yi ritaya. Zan fara da maganar mahaifiyarka, domin tsoronta yana da tushe, kuma kada ka yi mata musu a kai.

Wutar gida sai ka taɓa ta take kama ka. Wutar 33kV ba ta jiran taɓawa, in ka matso kusa da ita fiye da kima ita ce za ta tsallako ta cikin iska ta same ka, da tartsatsin da ke narkar da ƙarfe. Saboda haka ƙwarewar hannun da ka samu a wayarin, da saurin nan da masu gida suke yabonka a kai, ka ajiye su a bakin ƙofar tashar. A can ana aiki ne da tsari wanda ba a tsallake ko ɗaya daga matakansa. Da farko mai kula da tasha ya buɗe bireka, wato makatsin da aka ƙera don ya yanke wuta tana ɗauke da lodi. Sai bayan nan a buɗe aisoleta, makatsi na biyu wadda ido ke iya ganin ta rabu, a sa mata kwaɗo, a rataye allon gargaɗi. Wanda ya juya wannan tsari, ya ja aisoleta alhali lodi na bi ta cikinta, da wuya ya koma gida da fuskarsa yadda ya fito da ita. Daga nan a gwada layin da sandar gwaji a tabbatar ya mutu, a ɗaure shi da ƙasa ta kowane gefen da wuta za ta iya shigowa, sannan a rubuta takardar izinin aiki, ka karanta, ka sa hannu. Kafin wannan takarda ta shiga aljihunka, layin yana da rai ko da duk garin yana cikin duhu.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake nanata gwajin. Wata rana da bazara muka je gyaran wani mahaɗi da ya ƙone a kan fida ta 11kV, wato layin da ke kai wuta unguwanni, daf da fitarta daga tasha. An buɗe bireka a gabana, an buɗe aisoleta, makullin kwaɗon yana hannuna. Wani yaro da aka haɗa ni da shi, mai ƙwazo ƙwarai, har ya jingina tsani, yana cewa rana na yi, mu yi mu gama. Na ce ya dakata, na ɗaga sandar gwaji don kawai in cika ƙa'ida, ni kaina ban yi zaton komai ba. Kanta bai ma kai ga wayar ba sai ta fara kuka. Ashe wata masana'anta da ke kan layin ta tayar da babban janaretanta ba tare da ta raba shi da layinmu ba, sai wutar ta bi ta taransifomarsu ta baya, ta ɗaga daga 415 zuwa dubu goma sha ɗaya, ta dawo mana. Yaron nan ya zauna a kan tsakuwa ya fi minti goma bai ce uffan ba. A yanzu da janareta da inbata suka cika gari, wannan haɗari ya fi na zamaninmu yawa, kuma kai da ka haɗa sola ka fi ni sanin yadda wasu ke haɗa ta.

In kana da haƙurin bin ƙa'ida ko da na sama da kai yana ƙorafin ka cika jinkiri, ka karɓi aikin. Yawancin waɗanda na san wuta ta taɓa ba sababbi ba ne, tsofaffin hannu ne da sabo ya cire musu tsoro.

Mai Aikin Kwana ya amsa:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Duk abin da ya faɗa haka yake, sai dai zan ƙara da yadda ranakun aikin suke a yau, domin shekarata takwas ke nan a irin sashen da za a kai ka, ƙanena.

Mafi yawan aikin dubawa ne, kuma maimaici ne. Za ka zagaya taransifoma, wadda a irin tashoshinmu yawanci mai ƙarfin 15MVA ce, ka duba ma'aunin zafin mai da na naɗin waya, ka duba ko man ya sauka a tankin sama, ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo. Akwai wani ɗan gilashi a jikinta cike da ƙwayoyin silika masu tsotse danshin iskar da take shaƙa. Irin shuɗin nan in ya koma ruwan hoda, ya ƙoshi da ruwa ke nan, sai a canza shi ko a gasa shi ya bushe. Abu ne ƙarami da ake yawan rainawa, amma danshi in ya shiga mai shi ke kashe taransifoma a hankali. Lokaci zuwa lokaci muna ɗibar man a kwalba mai tsabta mu zuba a na'urar gwaji, inda ake ɗaga wuta tsakanin ƙarafa biyu masu tazarar milimita 2.5 har sai ta tsallaka. In ta tsallaka da wuri, man yana buƙatar tacewa.

Kowane lokaci na shekara da nasa ciwon kan. Da hunturu ƙura ke lulluɓe tangaran ɗin da ke riƙe da wayoyi, kuma ba ta cika yin illa ba muddin a bushe take, amma ranar da aka yi yayyafin farko ta jiƙe, sai ta zama hanyar da wuta ke bi, ka ji ƙara kamar ta bindiga. Shi ya sa muke neman a ba mu izinin kashe wuta mu goge su kafin damina, mutane kuwa su yi ta zaginmu cewa mun ɗauke wuta ba dalili. A watan Afrilu da Mayu zafi ya kai digiri arba'in, kowa ya kunna fanka da firji, lodi ya yi yawa, dole a sauke wata fida don kada taransifomar ta ƙone. Da damina kuma ciyawa ce da macizai, ga ƙadangaru da ɓeraye da ke shiga cikin akwatunan 11kV su haɗa waya da waya. Na taɓa kwana ina neman dalilin faɗuwar wata fida, da asuba na tarar da gafiya a soye a bayan bireka.

Ɗakin da na fi so ka riƙe shi ne ɗakin batir. Na'urorin kariya da bireka ba da wutar layi suke aiki ba, da wutar batir ce mai bolt 110, wadda galibi ƙwayoyi 55 masu bolt biyu-biyu ke bayarwa. In caja ta lalace ba a lura ba, batir ya mutu, to ranar da matsala ta auku a layi bireka ba za ta buɗe ba, wutar za ta yi ta ci har sai wani abu ya kama da wuta. A nan sanin da ka yi wa batir a harkar sola zai yi maka rana fiye da yadda kake zato.

Inda zan ɗan saɓa da Baba shi ne, ƙa'ida tana buƙatar kayan aiki, kuma ba kullum ake samunsu ba. Mun taɓa yin watanni da safar hannu ta roba wadda wa'adin gwajinta ya wuce, muna rubutawa ana cewa ana kan hanya. Ga ɓarayin mai da na jan ƙarfe, waɗanda ke yanke wayar ƙasa da dare, ka zo da safe kana zaton kana da kariya alhali babu. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, bisa sharaɗin a ba su aƙalla awa 20 a rana, matsin lambar a mayar da wuta da gaggawa ya ƙaru sosai, wayarka ba za ta huta ba. Sannan jama'a ba sa bambance wanda ke da laifi. Lokacin da yawancin Arewa ta yi kwanaki cikin duhu a watan Oktoba na 2024, matsalar tana kan manyan layukan 330kV na TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna da aka lalata, mu ba mu da abin da za mu rarraba, amma mu ne ake tarewa a masallaci ana tambaya. Albashin kuwa ba zai kai abin da kake samu a watan da sola ta yi kasuwa ba, fa'idarsa ita ce yana zuwa kowane wata.

Injiniyar Kariya ta amsa:

Malam Ɗan Wayarin, ina taya ka murna. Ni a ɓangaren na'urorin kariya nake, wato rile, masu sa bireka ta buɗe in matsala ta auku, da abin da ya shafe su, kuma abu biyu zan ja hankalinka a kai. Na farko, haɗari ba a manyan wayoyin tsakar fili kaɗai yake ba. A bayan allon da ke ɗakin sarrafawa akwai siraran wayoyi da ke fitowa daga taransifomar awon karan, wato mai auna yawan wutar da ke bi ta layi, kuma in ka kwance ɗaya daga cikinsu alhali layi na ɗauke da lodi, wutar da za ta taso a bakin wayar tana iya kaiwa dubban bolt. Mai wayarin ya saba ganin siririyar waya a matsayin abin da ba ya cutarwa, don haka sai ka sake koyo: ana haɗe bakunansu da juna tukuna kafin a kwance.

Na biyu, in rilen Buchholz, wanda ke kan bututun da ya haɗa jikin taransifoma da tankin sama, ya yanke wuta, alama ce cewa wani abu ya faru a cikin cikinta. Ko wane ne ya bugo waya, kada ka yarda a mayar da ita sai an duba iskar da ta taru an kuma yi gwaji.

Game da gaba kuwa, ka nemi a tura ka kwas a NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki da aka kafa a 2009, wadda ke da rassa har a Kano da Kaduna da Kainji, kuma ka yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, da zarar ka cika sharuɗɗa. Waɗanda suka iya gwaji da saita rile ba su da yawa, kuma ana nemansu a TCN da tashoshin samar da wuta da manyan masana'antu.

Ɗan Wayarin ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Yaya, da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifiyata labarin sandar gwajin, ta yi shiru, sannan ta ce in je in karɓo takardar mu gani, wanda a wurinta rabin amincewa ne. Shagon kuma zan bar wa ƙanena da na koya wa aiki. Ranar Litinin zan je ofishin. Ko akwai abin da ya kamata in bincika a cikin takardar kafin in sa hannu?

Mai Aikin Kwana ya amsa:

Ka duba ko kamfanin ne da kansa ya ɗauke ka ko kuwa wani ɗan kwangila ne da ke samar masa da ma'aikata, domin bambancin yana bayyana a fansho da kuɗin asibiti da diyya in an ji rauni. Ka tambaya ko akwai inshorar rai, da tsawon lokacin gwaji kafin a tabbatar da kai, da kuma ko za a haɗa ka da babba na wasu watanni kafin a ba ka ikon karɓar takardar izinin aiki da sunanka. Ranar da aka ba ka hular kwano da takalmi da safar hannu, ka juya bakin safar ka duba ranar da aka gwada ta, sannan ka naɗe ta daga baki iska ta cika yatsun, ka kara a kunnenka ka ji ko tana fita ta wani wuri. In ta huje ko da kamar bakin allura ne, ka mayar musu su ba ka wata.