Dan Allah a taimaka min da saitin Elevon a FS-i6, fikafikan sun ƙi bin sanda

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu a harkar. Na haɗa ƙaramin jirgin sama na rimot irin mara jelar nan, fiffike ne zalla, faɗinsa wajen mita 1, da farin soso na yanka shi, motar lantarkin da ke juya farfela na baya, farfela tana turawa. Sarbo (ƙananan injinan da ke motsa marafan bayan fiffike) biyu ne 'yan 9g, na hagu na soka a tashar risiba ta ɗaya wato CH1, na dama a CH2, rimot ɗina FlySky FS-i6 ne risiba kuma, wadda ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, FS-iA6B. Na shiga Functions setup na kunna Elevon, wato saitin da ke sa marfi biyu su yi aikin sama da ƙasa da na hagu da dama, amma abin da nake gani ya ɗaure min kai, in na ja sanda baya marfin fiffiken hagu ya tashi na dama ya sauka, in kuma na kai sandar dama sai duka biyun su tashi tare, wato aikin ya musanya kenan. Sannan motsin nasu kaɗan ne a ido na. Me zan taɓa? Jirgin nan ya ci min kuɗi da lokaci wallahi, bana so tashin farko ya zama na ƙarshe.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanina kafin komai cire farfelar nan tukuna, kada ka sake ka yi saiti batir na jone farfela na jiki, hannu ya ɗan gogi totur, sandar da ke ba motar wuta, shikenan ta yanke ka.

Toh abin da kake gani ba lalacewa bace. Jirgi mai jela yana da marfin da ke ɗaga hanci daban, da masu karkata shi hagu da dama daban. Naka marfi biyu ne kacal kuma su za su yi aikin duka, shi ya sa rimot yake haɗa umarnin sanda biyu ya aika wa kowace sarbo, ɗaya tana karɓar jimlarsu ɗayar kuma tana karɓar bambancinsu. Su kuma sarbo ɗin yawanci ana dasa su ne suna kallon juna ko sun juya wa juna baya, kaga umarni ɗaya zai juya su ɓangare daban daban. Maganin shi ne Reverse, saitin da ke juya tafiyar sarbo. Tsaya a bayan jirgin, hancinsa na kallon gaba, ka ja sandar dama baya (in dai totur ɗinka a hannun hagu yake, Mode 2), dole marfin biyu su tashi sama. Wanda ya sauka shi za ka juya wa tasharsa, a naka CH2 kenan. Kuma ka danne Cancel ka riƙe har ya fita, a wannan rimot ɗin haka ake adana saiti, in ka ɗan taɓa shi kawai ka fita ba tare da ya ajiye komai ba.

Ɗan Zariya:
Maganar ƙarancin motsi kuma oga ka kai lambobin cikin Elevon ɗin 100 da 100 kawai, za ka ga sun buɗe sosai.

Injiniya:
A'a Ɗan Zariya ban goyi bayan wannan ba. Dalilin da ya sa ake barinsu 50 da 50 shi ne in an haɗa su ba da 100, iyakar tafiyar sarbo kenan. In ka sa 100 da 100, ja baya kaɗai ya cinye tafiyar gaba ɗaya, sai ka zo kana tsakiyar juyi ka ja baya kana son ƙara karkata, sarbo ɗaya ta riga ta kai bango ba inda za ta, jirgin ya yi maka abin da baka ce ba, kuma daidai lokacin da kake ƙasa ƙasa kana neman ceto shi ne hakan ke faruwa. In da gaske motsin ya yi kaɗan a gyara a ƙarfe, a matsar da wayar turawa zuwa ramin waje a hannun sarbo, ko ramin ciki a ƙahon da ke jikin marfin. Ni kam 60 ko 65 ne iyakar da zan yarda da ita a rimot.

Mai tambaya:
Na gode Injiniya Allah ya ƙara basira. Na cire farfela, na juya CH2, yanzu in na ja baya duka sun tashi, in na tura gaba duka sun sauka. Hagu da dama ma yanzu ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ina ganin ya yi ko?

Injiniya:
Dakata, wanne ne ke tashi in ka kai sanda dama? Wannan tambayar ita ce komai.

Mai tambaya:
Na hagu ne ke tashi, na dama ya sauka.

Injiniya:
Toh a juye yake, da ka jefa shi a haka kana cewa dama yana tafiya hagu, kai kuma ka ƙara dannawa, cikin daƙiƙa biyu ya kife. Sanda dama, marfin DAMA ne zai tashi na hagu ya sauka, ɓangaren da marfinsa ya tashi shi ne fiffiken da zai yi ƙasa. Kada ka koma Reverse kana juye juye, zai ɓata maka sama da ƙasa da ka riga ka gyara. Musanya wayoyin a risiba, na hagu ya koma CH2 na dama ya koma CH1, sannan juyin ya bi sarbo ɗinsa, wato CH2 ka mayar da shi yadda yake CH1 kuma ka juya shi. Sai ka sake gwada ɓangarori huɗun daga farko.

Mai TX16S:
Ga masu RadioMaster ko duk rimot mai manhajar EdgeTX ko OpenTX da za su karanta wannan, lissafin ɗaya ne sai dai kai kake rubuta shi da hannunka a shafin Mixes. CH1 layi biyu, Ail (hagu da dama) 50 da Ele (sama da ƙasa) 50, CH2 ma layi biyu amma ɗaya daga ciki da alamar ragi, layi na biyun a bar shi a Add. Abin da ke rikita mutane shi ne juyawa a Outputs tana juya sarbo ɗin ne gaba ɗayanta, canza alamar lamba a Mixes kuma aiki ɗaya kawai take juyawa. In ka riƙe wannan ba sai ka cire waya ba. Jela mai siffar V ma haka take, Rud (mai juya hanci hagu da dama) ne kawai ke maye gurbin Ail. Sannan wanda ya sa allon sarrafa tashi mai manhajar INAV ya kashe haɗin rimot gaba ɗaya, allon ne ke haɗawa, in an haɗa sau biyu shirme za a gani.

Expo kuma, saitin laushin tsakiyar sanda, a kula, a EdgeTX lamba mai ƙari ce ke tausasa tsakiyar sanda, a FS-i6 mai ragi ce. Kalli zanen da ke fuskar rimot ɗin, tsakiyar layin ya kwanta ba ya miƙe ba, wajen 30 ya isa.

Baba Malam:
Yaro na ga an warware maka wayoyi, saura abin da ke kayar da irin wannan jirgin ko saiti ya yi kyau. Motsin da ka ce ya yi kaɗan, wataƙila ma ya yi yawa. Jirgi mara jela gajere ne daga hanci zuwa baya, sama da ƙasa yake da saurin fushi, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi, hagu da dama ne ke son a ba shi wuri. Don haka a Dual rate, inda ake rage ƙarfin motsin sanda, ka rage na CH2 ya zama ƙasa da na CH1.

Kafin ka ɗaura wayar turawa, kunna rimot da risiba kowane trim, ƙananan maɓallan gyara da ke gefen sanda, na tsakiya, sarbo ta zauna a tsakiyarta, sannan ka sa hannunta a miƙe tsaye, abin da ya rage kaɗan ka cike da Subtrim, saitin da ke ɗan gyara tsakiyar sarbo. Marfin biyu kuma kada su kwanta daidai da fiffike, a ɗaga su sama kamar milimita 2 zuwa 3 duka biyun iri ɗaya, ka auna da rula kada ka yarda da ido. In babu wannan ɗagawar kana sakinsa zai soka hanci a ƙasa. Ka kai sanda kusurwoyi huɗun nan ka saurara, in sarbo na gurnani ta tokare ne, tana jan wuta, BEC, ɓangaren da ke ba risiba da sarbo 5V a cikin ESC mai sarrafa gudun mota, zai iya gazawa risiba ta ɗauke, sai ka rage iyakar tafiyar sarbo a End points.

Nauyi kuma gara hanci ya ɗan rinjaya, batir gaba. Ka saita failsafe mota ta mutu in sigina ta yanke. Ranar tashi ka fita da sassafe kafin iska ta taso, fili mai ciyawa, nesa da filin jirgin sama da bariki da taron jama'a, kuma ka samu wani ya jefa maka yatsunka su kasance kan sanda, ka gaya masa farfela a baya take ya kiyaye hannunsa.

Mai tambaya:
Alhamdulillah na musanya wayoyin na mayar da juyin zuwa CH1, yanzu dama na dama ke tashi, hagu na hagu, baya duka sama. Na bar Elevon a 50, gurnanin da na ji a kusurwa ɗaya ya tafi da na rage End points. Baba Allah ya ƙara girma, ɗagawar milimita 2 ɗin da Subtrim zan yi ta ko a waya?

Baba Malam:
A waya. Lanƙwasa ta ko ka sassauta sukurun ka ɗan ja, Subtrim mai yawa yana cinye tafiyar sarbo ta ɓangare ɗaya. In ka gama ɗauko hoton inda ka ɗora yatsu a ƙarƙashin fiffike jirgin ya tsaya daidai, da batir a ciki, mu duba maka daidaiton nauyi kafin ka fita.