Fassara waƙa a Montiriyal: abin da masu sana'ar suka ce

Ga abin da na tsinta daga hirar wasu marubuta waƙoƙi da masu fassara na birnin Montiriyal a Kanada. Tun da daɗewa titin Saint-Laurent ake ɗauka iyaka: gabas masu Faransanci, yamma masu Ingilishi. Ga kuma Doka ta 101 ta 1977 da ta ƙarfafa Faransanci, don haka harshen da ka zaɓa wa waƙarka wasu na yi masa kallon zaɓen ɓangare.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce ka karanta waƙar da babbar murya kafin ka taɓa ƙamus. An daɗe a kan "tu" da "vous". Faransanci na bambanta na jiki da wanda ake girmamawa, kamar "kai" da "ku" a wajenmu, Ingilishi kuwa "you" kaɗai gare shi. Dole mai fassara ya nemo kusancin ta salon maganar.

Joual, Faransancin talakawan birnin mai cike da aron Ingilishi, sun ce kada a wanke shi ya koma na 'yan boko. Ni ma ra'ayina ke nan. Batun buga harsunan biyu shafi kusa da shafi kuwa, an tashi ba a daidaita ba.